Zane na Bakwai

Taku goma sha huɗu ne daga ƙofar babban zaure zuwa zanen farko, kuma Malamin Bango ya yi su yau kamar kullum, hannuwa a baya, kai a sama, mata ashirin da biyu na biye da shi suna jan silifa. 'Yan ajin yaƙi da jahilci ne, malamarsu ta kawo su gidan zane-zane su buɗe ido. Shekara ashirin da uku ke nan yana zagayawa da baƙi yana yi musu bayani, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Malamin Bango.

Abin da babu wanda ya sani a gidan, daga shugaba har mai shara, shi ne malamin ba ya ganin bangon. Hawan jinin ido ya cinye na hagu ƙurmus, na dama kuwa saura ɗan haske mai hazo. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Matarsa kaɗai ta sani, ita ma kullum sai ta ce, "Malam, ka faɗa musu da bakinka, ramin ƙarya ƙurarre ne." Shi kuwa sai ya ce ta bari a kai ƙarshen shekara. Aka kai ƙarshen shekarar, ya ce a bari damina ta wuce. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. In aka raba shi da zauren nan, me ya rage masa? Zaman tabarma a ƙofar gida, yara na gaishe shi da ƙarfi kamar kunne ne ya mutu.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne al'adarsa ta koyarwa tun ido na lafiya. Ba ya fara magana a gaban zane, sai ya ja ya tsaya ya tambayi baƙi.

"To, iyayena, me kuka gani?"

"Doki!" in ji wata daga baya.

"Doki a ina? Jaki ne, dubi kunnen."

"Ke kam ai kin fi kowa sanin jaki, shekara talatin kuna gida ɗaya."

Zaure ya ɗauki shewa, malamarsu na ta faman cewa a yi a hankali. Malamin Bango ya yi dariya har da tari. Haka yake so. Su yi musu, su faɗi launi, su ƙirga ƙafafu, shi kuma ya ɗora abin da ke kansa a kan abin da ke idonsu. Da haka suka wuce na biyu, na uku, har na shida, babu tuntuɓe.

A nan ne ya ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmi ya shigo ya tsaya a bayan matan. Sabuwar shugabar gidan ce, yarinya sa'ar 'yarsa, wata biyu da zuwanta. Ana ta raɗe-raɗin tana duba shirin baƙi, wa za a bari, wa za a sauya. Gabansa ya faɗi, sai kuma zuciya ta ɗebe shi. Bari yarinyar nan ta ji abin da shekara ashirin da uku ke nufi! Ga shi kuwa an iso zane na bakwai, wanda ya fi so a duk gidan, wanda ya sani fiye da tafin hannunsa. Sai bai tambayi kowa komai ba, ya buɗe baki.

"Ku dubi hannun tsohon nan. Masunci ne, yana ɗinke tarunsa a bakin ruwa. Ku dubi jijiyoyin, ku dubi farcen babban yatsa yadda ya tsage. Wata huɗu mai zanen ya yi a kan hannun nan kaɗai. Ruwan da ke bayansa kuma, kada ku ce shuɗi ne. Ku matso. Akwai kore a ciki, akwai ɗan ja, don rana ta kusa faɗuwa kuma bai kama komai ba."

Bai taɓa yin bayanin da daɗi kamar yau ba. Da ya tsaya, zauren ya yi tsit.

"Malam, ai..." wata matashiya ta fara, sai ta ce "wash!" kamar an mintsine ta.

Tsohuwar cikinsu, wadda suke kira Goggo, ta gyara murya. "Mun gani, Malam. Wallahi hannun kamar ya motsa. Allah ya ƙara basira."

"Mun gani," sauran suka amsa, a hankali, baki ɗaya.

Daɗi ya fara kama shi, sai ya tsaya cak. Matan da suka kusa dambe a kan jaki, yanzu sun yarda da magana ɗaya babu musu? Ya ce su matso, kuma ko silifa ɗaya bai ji ya motsa ba. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana hana mutane taɓa zane, sai ga shi ya miƙa hannu ya shafa gefen firam ɗin. Na masunci katako ne mai sassaƙa. Wannan ƙarfe ne, sumul, mai sanyi.

Yadda ya ƙarasa sauran zane biyar ɗin, shi ma bai sani ba. Matan suka daina wasa. Abin da ya tambaya su amsa, abin da bai tambaya ba ma su faɗa masa dalla-dalla, har da inda kujera take a tsakiyar zaure. Wannan kirkin ya fi zagi ciwo. Da za su tafi, kowacce ta tsaya ta ce, "Sannu, Malam, Allah ya ba da lada," da irin muryar da ake gaida mara lafiya.

Zauren ya rage daga shi sai shugaba.

"Baba," ta ce, "an ba da aron masuncin tun ranar Litinin. Na liƙa takarda a allon sanarwa, da manyan baƙaƙe. Zanen 'yan mata uku ne a wurin yanzu, suna tsallen igiya."



"Tun yaushe ka daina gani, Baba?" ta tambaya.

"Shekara ɗaya da rabi."

Ya ji ta ja numfashi. Da ta yi faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

"Ranki ya daɗe, ranar Laraba akwai 'yan makaranta," ya ce da sauri. "A bar ni in yi. A faɗa mini abin da ke ciki kawai, launin rigunansu, wacce ke riƙe da igiyar. Kwana ɗaya ya ishe ni in haddace. Zane ɗaya ne fa."

"Ba ɗaya ba ne, Baba. Daga wata mai zuwa, duk bayan wata uku za a riƙa sauke bangon gaba ɗaya a rataya sababbi. An riga an sa hannu."

Ya juya fuskarsa wajen bangon.

"Zo mu je ofis mu zauna," ta ce. "Akwai matakala uku a nan."

Ya san da matakalar tun tana 'yar makaranta, kuma ya buɗe baki zai faɗa mata haka. Sai ya ji tafin hannunta ya kama gwiwar hannunsa a hankali. Ya yi niyyar fizgewa. Bai fizge ba, ya bar ta ta ja shi.