Jan Da Ke Cikin Naman

"Ammi, me ya sa Nani take wanke namanki kafin ta ba ni?"

Nosheen na tuƙi, sai da ta kusa wuce jar fitila. Ta leƙi 'yarta Mahnoor ta madubi. Yarinyar ta rame, kwana biyu ture kwano take yi. An je wurin likita, an canza miya, an yi lallashi, duk a banza.

"Wankewa kamar yaya?"

"A famfo. Ta kankare baƙin, ta sake dafawa. Ta ce na cikin ɗanye ne, jini ne, zai sa min tsutsa."

Sana'ar Nosheen ke nan a Houston: ta shafe naman ƙirjin saniya da yajin miyar nihari irin na gidansu a Lahore, ta kyafe shi wuni guda a ganga yadda mutanen Texas ke yi, ta sayar cikin gurasa. Bayansa baƙi ƙirin, ƙarƙashin ɓawon kuma ja-ja-ja, aikin hayaƙi. Wannan jan ne ke sa mutane layi a gaban motar abincinta. Uwarta kuwa, wadda Mahnoor ke kira Nani, mai riƙe mata yarinya bayan makaranta, nama bai nuna ba a wurinta sai ya yi ruwan ƙasa har ciki.

Nosheen ta juya motar. Ta ɗauko tsohuwar daga gida da silifas ɗinta, ba ta tsaya ba sai gaban gangar.

"Sace ni kika yi, Nosheen? Shayina na kan wuta!"

"Na kashe. Ammi, taɓa nan."

"In taɓa gawayi? Na kai ki makaranta ki zama likitar haƙori, kin ƙare a ƙona shanu."

"Ki zage ni yadda kike so, ke kika haife ni. Amma kin sa 'yata tana tsoron hannuna."

Tsohuwar ta dubi wuyan jikarta. Ta gyara mayafi.

Nosheen ta durƙusa, ta yanko yanki, ta ɗora wa Mahnoor a tafin hannu. "Ja shi da yatsa biyu. Ɗanyen nama ba ya rabuwa, kin gani a mahauta."

Yarinyar ta ja, ya rabu kamar auduga. Amma ba uwarta ta kalla ba, Nani ta kalla.

Nosheen ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Ta goge wuƙar da ba ta da datti.

"Kawo," in ji tsohuwar. Ta runtse ido ta yi bisimilla, ta tauna kamar mai shan magani. "Gishiri ya yi yawa." Ta ƙara gutsura. "Ci, 'yar nan. Ya dahu. Muni ne kawai da shi."

Mahnoor ta ci loma uku, ta ajiye sauran. Har yanzu wani lokaci takan ɗaga yanka ta duba cikinsa kafin ta kai baki, Nosheen kuma takan yi kamar ba ta gani ba.

Ke da ke karantawa, idan ɗanki ya fara ture kwano, kada ki ɓata makonni kina canza miya. Tambaye shi yau wa ke zama da shi lokacin cin abinci, da abin da ake gaya masa.