Jan Ɗigo a Katin Haƙori

An kira mutum na tara, Tela tana nan zaune a bencin asibitin haƙori, dafe da kumatu. Ita ce fa ta uku da ta miƙa kati da safe. Haƙori ya kumbura mata fuska, ga manajan kamfanin ɗinki ya ce ta dawo kafin sha biyu. Tun da mutumin nan ya ji ƙishin-ƙishin tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki yake neman ta da laifi ido rufe. Doka ta hana shi korarta a kan cutar, amma ba ta hana shi kora a kan latti ba.

Ta tashi ta je gaban teburin nas. Katinta na can gefe shi kaɗai, da jan ɗigo a kusurwa.

"Sista, an manta da ni ne?"

Nas ɗin ko ɗagowa ba ta yi ba. "Masu jan ɗigo sai an gama da kowa, saboda kayan aiki. Haka muke yi a nan."

Shekara shida Tela tana ɓoye maganinta a gwangwanin maɓallai, ko yayarta ba ta sani ba. Ta ji kunya, ta ji tsoro, amma haushi ya fi su yawa. Sai kawai ta ɗaga murya.

"Eh, ina da ƙanjamau. Doka ba ta ba ku damar yi wa katina alama ba, balle ku mayar da ni baya. Ni na san nawa, na faɗa muku. Waɗanda suka shiga kafin ni fa, kun gwada jininsu? Ko ba kwa tafasa kayan ne sai irina ta shiga?"

Wata mata ta ja jakarta ta matsa can ƙarshen benci.

"Haba baiwar Allah, rage murya mana," in ji nas.

Likita ya leƙo, ya ɗauki katin da kansa, ya ce, "Shigo, malama."

Tana shiga ta ji wani dattijo da aka cire wa haƙori ɗazu ya dawo daga bakin ƙofa, auduga cike da bakinsa, ya dafa teburin nas yana cewa:

"A'a 'yata, ba ki amsa mata ba tukuna. Yanzun nan aka fitar da ƙarfen cire haƙori daga bakina, an tafasa shi ko ba a tafasa ba?"