Yayen Ammar

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya. In na yi kuskure a yafe mini. Abin ne ya hana ni sukuni.

Ƙanena Ammar yana ta tsala kuka a ɗakin ƙarshe na gidanmu, Umma kuma tana kai da kawowa a falo. Ta je bakin ƙofa, ta dawo. Ta ɗauki mayafi, ta ajiye.

"Hadijatu, ki zauna mana," in ji Abba.

"Ba ka ji muryarsa ta dishe ba?"

"Na ji. Ai ke kika ce a yi irin na gida."

Irin na gida shi ne, idan za a yaye yaro sai a kai shi wurin kakarsa, ya kwana biyu ba ya ganin uwarsa har ya manta da nono. To mu a Karu muke, a gidan haya mai ɗakuna a jere, kakarmu kuwa tana Katsina ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Ga shi ofishin su Umma sun sa ta cikin masu tafiya kwas Legas. Tana wannan maganar a bakin famfo ne maƙwabciyarmu Mama Magdalene ta sauke tulunta daga kafaɗa ta dube ta.

Mama Magdalene tsohuwa ce 'yar Gbagyi daga Kwali. Da ƙuruciya ginin tukwane take yi, yanzu ita kaɗai take zaune a ɗakin ƙarshen nan, 'yarta Janet tana aiki a wani shago a Garki. Hausarta kowa "ka" ne, mace da namiji.

"Ni ba kaka ba ne?" ta ce wa Umma. "Kawo shi. Amma doka ɗaya. Kada ya gan ka, kada ya ji muryarka. In ya gan ka, aiki ya koma farko."

Shi ke nan gidanmu ya rikice. Umma ta daina sa turare don ya san ƙamshinta. Da safe in za ta fita neman motar Sakatariya, inda take aiki, sai ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu, ta bi ta bayan tankin ruwa a sanɗe, don ya san ƙwas-ƙwas ɗinsu. Rediyo ma a hankali muke kunnawa. Ni aka ɗora wa kai kunu da kayan sawa, ni ce kuma mai kawo rahoto: ya sha, bai sha ba, ya yi barci, ya ciji Mama a yatsa.

Ameera, ƙanwata mai shekara huɗu, ita ce babbar matsala. Tana dawowa daga makarantar nasare sai ta zarce can da jakarta a baya.

"Mama, ni ma a yaye ni."

"Kai an yaye ka tuntuni."

"Ba a ba ni ƙosai ba lokacin."

Rannan har ta sunkuya ta raɗa wa Ammar, "Umma tana nan a ɗaki, ɓuya take yi." Allah ya taimake mu tifar yashi ta wuce ta bayan katanga, ƙararta ta ɗauke masa hankali. Na ja ta waje ta kunne.

Wata rana da la'asar na kai kunu na tarar da Mama zaune a ƙasa, ta jingina da gado. Ammar na wasa da wani ɗan kasko da ta gina da hannunta tun tana Kwali, a ciki take zuba masa abinci. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Numfashinta na fita da wani sauti kamar ana jan buhu a siminti. Tulun nan da kullum yake cike, babu ko ɗigo.

"Mama, ba ki da lafiya ne?"

"Zakiyya mai littafi. Ajiye kunu ka tafi."

Ban tsaya ba, da gudu na je na faɗa wa Umma. Ta miƙe ko ɗankwali babu. Amma kafin ta isa, sai muka ji ƙarar sakata daga ciki. Mama ta san abin da zan yi.

Umma ta manna bakinta a jikin tagar, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, ki buɗe. Asibiti za mu je."

"Wane ne? Ban san shi ba," Mama ta amsa da ƙarfi, don Ammar ya ɗaga kai. Sannan ta matso ta rage murya. "Maman Zakiyya, koma ɗaki. Yaro ya kusa."

"Yayen ya lalace mana! Kwas ɗin ma na fasa. Don Allah ki buɗe."

"Kukan da ya yi fa? Ya tafi a banza? Ka shigo yanzu, gobe ya sake sabon kuka. Ni ba na barin tukunya rabin gashi." Ta yi tari mai tsawo. "Bari ya ci tuwo da hannunsa. In ya ci, ko ina ne ka kai ni."

Umma ta dawo ta karɓi wayar Abba ta kira Janet. Janet ta zo a kan acaɓa da yamma, muka ji suna faɗa da yarensu, sunan Ammar kawai nake ganewa. Ta fito idonta jawur.

"Anti, kin san halin mamana. Ta ce in na ɗaga ta da ƙarfi ba ni ba ita. Gobe zan zo da tasi, ko ta yarda ko ba ta yarda ba."

Washegari Umma ba ta je aiki ba. Ta tuƙa tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa, ta ba ni, ta tsaya a bayan tanki tana murza bakin zaninta.

Mama ta gutsuri tuwon ta sa a ɗan kaskon, ta ajiye a gaban Ammar, ta naɗe hannuwanta. Ya dube ta yana jira ta ba shi a baki. Ta kawar da kai. Ya yi ƙaramin kuka, ya ja mata zani. Ba ta motsa ba, gumi kawai ke bin wuyanta. Ameera ta zauna kusa da shi ta tsoma yatsa a miyar ta lashe.

"Nawa ne," ta ce masa.

Ai kuwa sai ya fizge kaskon, ya cusa yatsu duka biyar, ya kai baki. Rabi a hanci, rabi a riga. Ya sake. Ya sake.

Mama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Zakiyya, je ka kira uwarsa. Ya gama."

Umma ta shigo a hankali ta durƙusa. Ammar ya daɗe yana kallonta. Duk muna jira ya kai hannu gaban rigarta. Sai ya damƙo tuwo ya tura mata a baki.

"Ka gani?" in ji Mama. "Yanzu kawo tasi ɗinku."

Abba da direban da Janet ta zo da shi ne suka ɗauke ta zuwa mota. Ta leƙo ta taga tana ce wa Umma kada a ba shi shayi da yawa, yana sa shi fitsarin kwance. Kwananta ɗaya a asibiti. Da hantsi Janet ta bugo, Abba ya saurara, ya ce, "Innalillahi," ya zauna a hannun kujera.

Ranar da 'yan'uwan Mama suka zo daga Kwali kwashe kaya, tsakar gidan ya cika. Matan cocinsu na waƙa a ƙarƙashin rumfa, maƙwabta na shiga da fita da kuloli. Umma ta fito za ta je wurinsu, sai na ga ta bi ta bayan tanki, takalmanta a hannu.

"Umma, ai an gama yayen," in ji Ameera.

Umma ta dubi takalman. Amma ba ta sa su ba.

Ana ta fito da tukwane ana jerawa a bayan a-kori-kura. Ban san lokacin da Ammar ya kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane ba. Sai ganinsa na yi ya fito rungume da ɗan kaskon nan. Wata tsohuwa ta miƙa hannu za ta karɓa, Janet ta girgiza mata kai.

Ya je daidai bakin ƙofar ɗakin, inda ya saba zama, ya zauna daɓas, ya ajiye kaskon tsakanin ƙafafunsa. Ya leƙa cikin ɗakin da babu ko gado, ya dawo da kansa ya ci gaba da jira. Janet ta buɗe wata kula ta zuba masa 'yar shinkafa. Ya sa hannu.

Kowa shi yake kallo. Ni kuwa na ja da baya kaɗan-kaɗan, na bi ta bayan tanki, na shige ɗaki kafin wani ya waiwayo ya ga hawayena.