Sa Hannun Teta Hedviga

"Tallafa min hannun mana," in ji Teta Hedviga. "Yatsun nan sun riga ni tafiya."

Zdenka ta durƙusa a gefen gadon, ta riƙe hannun tsohuwar har sunan ya fito a karkace a ƙasan takardar. Ɗakin sai warin magani da na miyar kabejin da ta kawo jiya, ba a ko taɓa ba.

Shekara biyu ke nan sunan nan ne garkuwar Barborka, 'yar Zdenka. Yarinyar tana da in'ina, yaran ajinsu suka yi ta kwaikwayonta har ta daina magana gaba ɗaya. Doka kuwa ba ta yarda a koyar da yaro a gida ba sai malami mai takardar shaida ya tsaya masa, Zdenka kuma ɗinki kawai ta iya. Hedviga, maƙwabciyarsu ta hawa na uku da suke kira Teta, wato inna, tsohuwar malamar firamare, ita ta tsaya. Ba sa hannu kaɗai ta yi ba, kullum da safe tana zaunar da yarinyar a kicin ta sa ta karatu da ƙarfi.

"Ke dai faɗi gaskiya," in ji tsohuwar, "ni kika zo dubawa ko hannuna?"

"Haba Teta!"

"To ina 'yar tawa? Kwana tara ban ji muryarta ba. Turo min ita."

"Alhamis take da jarrabawa a makaranta. In ta gan ki haka..."

"Na zama dodo ke nan?" Tsohuwar ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. "Shi ke nan. Bayan Alhamis ɗin."

Ba ta kai Alhamis ba. Ranar Laraba da hantsi ɗanta Radovan ya sauko ya ƙwanƙwasa wa Zdenka, idonsa jawur. Abin kunya, kafin hawaye ya zo mata, lissafi ne ya riga shi: in makaranta ta ji mai tsaya wa yarinyar ta rasu, ko za a bar ta ta zauna jarrabawar? In izini ya faɗi, Barborka ta koma ajin nan. Ta tsani kanta da wannan tunanin, amma tunanin bai tafi ba.

Da la'asar Radovan ya manna sanarwar rasuwa a ƙofar shiga benen, farar takarda mai baƙin baki, yadda duk mai wucewa zai gani. Zdenka ta sauka zubar da shara, ta waiga hagu da dama kamar ɓarauniya, ta ɓamɓare ta. Matar da ta koyar da rabin unguwar, ga shi an hana unguwar jin mutuwarta.

"Mama, Te-teta ta ji sauƙi?" Barborka ta tambaya washegari da safe, ana ɗaure mata gashi.

"Barci take. Tsaya da kyau."

Malamai uku ne suka yi mata tambayoyi. Zdenka na zaune a baranda tana jiyo muryar 'yarta ta bayan ƙofa, tana tuntuɓe tana tashi, ba ta tsaya ba. Da aka fito, shugabar makarantar ta karɓi takardar tana murmushi.

"Ta ci. Ki gaida min Malama Hedviga, ki ce aiki ya yi kyau."

"Za ta ji," in ji Zdenka.

A hanya sau uku Zdenka tana buɗe baki za ta faɗa wa yarinyar, sau uku tana fasawa. Suna shiga benen yarinyar ta fizge hannunta, ta haye matakala bibbiyu, dusar ƙanƙara na zuba daga takalmanta. Zdenka ta tsaya a ƙasa, ta kama ƙarfen matakalar. Daga hawa na uku ta ji bugun ƙofa a hankali, irin na mai gudun tada mara lafiya.

"Teta, ni ce. Ki buɗe, ni ce."

Ko harafi ɗaya bai maƙale mata ba.