Idon Yaya Direba

Aikina a asibitin ido shi ne ɗaukar hoton ƙananan jijiyoyin jini da ke can ƙuryar ido, waɗanda gashi ma ya fi su kauri. Na'urar tana da saiti biyu. Na sauri shi muke yi wa kowa. Na sannu yana fito da komai dalla-dalla, amma sai ido ya tsaya cak har a gama.

Ranar da yayana ya zo, wai ni mai ɗan'uwa, na ce ai shi ba kowa ba ne. Direban babbar mota ne, ciwon suga ya kama shi, kuma da idon nan yake ciyar da gida. Na murɗa masa na sannu ina wani hura hanci.

To, ina aka taɓa ganin idon direba ya zauna wuri ɗaya? Na ce ya kalli koren ɗigon da ke ciki, shi kuwa sai leƙen dama da hagu yake yi, yana neman madubi. Hoto ya fito jijiyoyi duk a gutsuttsure. Ni da nake koya wa sababbi aikin nan, sai ga ni da hawaye shaɓe-shaɓe, ina ce masa ya ajiye makullin mota, ido ya tafi. Shi ne ma ya koma lallashina.

Likita ta shigo ta dubi allon, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce motsi ne kawai ya yanka hoton, wa ya aike ni? Kunya kamar in nutse. Na mayar da na'urar kan saitin kowa da kowa, kafin Yaya ya ƙifta an gama.

Hoto ya fito tas. Ina cikin tsokanarsa wai shi ne ya tsorata, sai na lura likita ta daina dariya. Kusa da tsakiyar idon dama akwai wani ɗan fili baƙi, ko jijiya ɗaya babu. Wannan kam ba motsi ba ne, na sani tun kafin ta buɗe baki.

Yaya bai dubi likita ba, ni ya duba.

"Auta, wannan ma kuskurenki ne, ko?"

Wallahi ban taɓa son zama sakarya irin na lokacin ba. Na sunkuya na bi saitin ɗaya bayan ɗaya. Komai daidai na yi.