Lambar Yaya a Shafi Na Goma Sha Bakwai

Kamfanin ya kawo wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, 'yan ofis suka laƙaba mata suna Sabon Ma'aikaci. Shi zai riƙa sa ido a kan sabobi, manyan kwamfutocin nan da ke gurnani a ɗakin sanyi. Amma sai an fara gwadawa ko zai fahimci littafin bayanin na'urar da ke auna lafiyarsu. Manaja ya ajiye aikin a gaban Auta.

"Ki ba shi ya karanta, ki ƙirƙiro matsala, ki ga ko zai warware. Shafin da ya gagare shi, a goge a sake rubutawa." Ya nuna teburin abokin aikinta. "Ko in ba Dogo?"

"Zan yi," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Yayanta ne ya rubuta littafin. Shi ya samo mata aikin nan, wata biyar ke nan da rasuwarsa. A gida an rabar da kayansa, har takalma. Wannan littafin ne kaɗai wurin da ya rage yana magana. "In ka ga jan haske, kar hantar cikinka ta kaɗa," in ji shafi na huɗu. "Duba igiya tukuna. Sau tara cikin goma ƙafar Dogo ce."

"Sharri ne wallahi," Dogo ya ce daga teburinsa da ta karanta masa. Ya fara dariya, sai ta maƙale masa, ya juya yana neman abin da bai ɓata ba a aljihun tebur.

Sabon Ma'aikaci ya haye shafi goma sha shida lafiya lau. Barkwancin bai dame shi ba, tsallake shi yake yi ya ɗauki abin da yake so. Auta ta fara jin sanyi a ranta: ƙila ba sai an taɓa komai ba.

Shafi na goma sha bakwai layi biyu ne kacal, a kan ɗaya daga cikin sabobin. "Lamba Uku 'yar rigima ce. In ta ɗau zafi, kar ka wahalar da kanka, neme ni." Sai lambar wayarsa. Auta ta ɗaga ma'aunin zafin da gangan, ta naɗe hannu tana jira ta ga Sabon Ma'aikaci ya tsaya cak.

Wayarta ce ta yi ƙara.

"Auta," in ji Mama, "wani ya turo saƙo a wayar yayanki. Wai Lamba Uku ta ɗau zafi, yana neman taimako. Bawan Allah, da ladabinsa. Ba ku faɗa masa ba ne?"

Auta ta dafe baki. Ta manta an ba shi izinin tura saƙo, ta kuma manta Mama kullum sai ta sa wa wayar nan caji.

Za ta iya sa wa shafin alamar ya wuce. Ai an bi umarni, an nemi wanda aka ce a nema. Babu mai bincikawa. Sai dai ranar da Lamba Uku za ta ɗau zafi na gaske, wayar da ke kan durowar Mama za a yi ta nema har na'urar ta ƙone.

"Dogo, me Yaya yake yi wa Lamba Uku in an kira shi?"

"Ina na sani? Yakan shiga ne ya fito yana yin fito, ya ce sun sasanta."

Ta shiga ɗakin sanyi ta durƙusa bayan Lamba Uku. A jikin ƙusa ta ga tsohon buroshin haƙori a rataye, kore, wanda ya ɓata daga banɗakinsu bara har ta zargi kowa ban da shi. Ƙasa da shi akwai ragar shan iska, ta toshe da datti. Ta goge ta a hankali, ƙarar fankar ta sauka.

Ta daɗe a durƙushe kafin ta koma teburinta. Ta rubuta matakai huɗu, tsaf, babu wasa a ciki. Ta goge "'yar rigima". Ta goge "neme ni". Lambar ce ta ƙarshe, ta bi ta ɗaya bayan ɗaya. Da ta sake gwaji, Sabon Ma'aikaci ya ce a tura mutum ya share raga. Ya ci.

Da yamma ta tarar da Mama a bakin gado, wayar tana kan cinyarta.

"Ya samu wanda zai taimake shi?"

"Ya samu, Mama. Na gyara. Ba zai sake damun ki ba."

Mama ta shafa fuskar wayar da gefen zaninta.

"Wa ya ce miki ya dame ni?" ta ce a hankali. "Wata biyar ba wanda ya neme shi."

Ta miƙa hannu ta jona ta a caji.