Motar Da Za Ta Kai Terkimbi Gida

Shekara talatin da ɗoriya ke nan filin sayar da motoci na marigayi Muhammad Sani yana bakin titin Kwandere, kuma tun kafuwarsa akwai wata tsohuwar a-kori-kura da ba a taɓa sa wa farashi ba. Aikinta ɗaya ne. Idan mutumin ƙauye ya rasu a asibitin Lafiya, ita ke kai shi gida. Musulmi ne ko Kirista, Alago ne ko Tibi, ba a tambaya, ko kuɗin mai ba a karɓa. Da tsohon ya kwanta dama, 'yarsa Halimat da ƙanenta Nababa suka gaji filin, suka gaji wannan aiki tare da shi.

A ranar Alhamis ɗin da ake magana, injin tsohuwar motar kwanansa huɗu a ƙasa wajen makanike.

Da hantsi keke napep ya sauke wata mata a ƙofa, ɗankwalinta a karkace. Halimat ta gane ta, Doosuur ce mai sayar da doya a kasuwa.

"Hajiya, maigida ya tafi," in ji Doosuur. "Terkimbi. Jiya da yamma, a asibiti. An riga an tona kabari a can bayan Adogi, Fadan coci yana jira. Masu motar haya sun ce ruwa ya ci hanya, ba su zuwa. Shi ne aka ce in zo gidan Sani."

Halimat ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, sannan ta leƙa fili. Duk ƙananan motoci ne, babu mai iya shiga taɓon damina, sai farar Hilux ɗin da aka kawo daga Kwatano makon jiya. Ita ce kuma wani ɗan kwangila, Alhaji Muhyiddin, yake zagayawa a daidai lokacin, yana bubbuga taya da ƙafa, Nababa na biye da shi da murmushin ciniki.

Ta ƙarasa wurinsu, ta gaida Alhaji, ta ce wa ƙanenta, "Ba ni makullin wannan. Gawa za a kai Adogi."

Murmushin ya ɓace. Nababa ya ja ta gefe, ya rage murya. "Yaya, kin san dai motar da ta ɗauki gawa ba ta sayuwa. Kowa ya san wannan."

"Wane ne kowa? Kira min shi in gan shi."

"Mutumin nan ya kusa cewa ya saya."

Alhaji Muhyiddin yana jin su sarai. Ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Hajiya, Allah ya ji ƙan wanda ya rasu. Amma ni iyalina za su shiga motar nan. Idan ta fita da gawa, na fasa."

Halimat ta dube shi ta saman tabarau, irin duban da take yi wa 'yan aji shida kafin ta bar koyarwa. "Alhaji, motar nan shekara takwas ta yi a ƙasar Turawa kafin ta hau jirgin ruwa. Ka san wanda ta ɗauka a can? Ko su ba sa mutuwa? Abin da ba ka gani ba ka yafe masa, sai manomin doyar da ka sani ne zai ɓata maka ƙarfe?"

"Ban zo gardama ba."

"Ni ma. Allah ya ba ka wadda ta fi ta."

Ta miƙa wa Nababa hannu. Ya sa nasa a aljihu, inda makullin yake, ya bar shi a can.

"Baba mu biyu ya bar wa wurin nan," in ji shi.

"Shi ya sa na miƙo hannu, ban zura a aljihunka ba."

"A jira gobe. Makanike ya ce gobe."

"Tun Litinin yake cewa gobe. Kai za ka je ka gaya wa mutanen da ke tsaye bakin kabari su jira makanike?"

Nababa ya kawar da kai. Halimat ta san halinsa tun yana goye a bayanta. Ba mugu ba ne, tsoron bakin mutane ne ke cinsa. Ta nuna ƙaramar motarta da ke ƙarƙashin mangwaro, mai tambarin gidan a gilashin baya.

"To shi ke nan, riƙe makullinka. A waccan zan ɗauke shi. Akwatin gawar ba zai shige but ɗin baya ba, rabinsa a waje, sai in ɗaure da igiya. Ta tsakiyar kasuwa zan bi, a hankali, kowa ya karanta sunan Muhammad Sani. In ta kafe a taɓo, mu sauke shi mu ɗauka a ka. Wanda ya tambaye ni ina manyan motocinmu, in ce suna gida ana tsaron mutuncinsu."

"Ba za ki yi ba."

"Gwada ni."

Ya dube ta, ya dubi Doosuur da ke zaune da kofin ruwa a hannu, ko kurɓa ba ta yi ba. Alhaji Muhyiddin ya riga ya kama hanyar ƙofa yana latsa waya. Nababa ya bi bayansa da ido har ya fice, sannan ya ciro makullin.

"Direba ya tafi Abuja," ya ce. "Wa zai tuƙa?"

"Wa ya koya maka tuƙi?"

Ta karɓa, ta tattare zaninta, ta hau, ta jawo kujera gaba don ƙafarta ta kai. Doosuur ta nufi bayan motar za ta hau.

"Zo nan gaba, 'yata," in ji Halimat. "Ni ban san hanyar garinku ba, ke za ki nuna min. Nababa, buɗe ƙofar duka, ɓangare ɗaya ba zai ishe ta ba."